Gurbin Suna a Baitin Mama

Ƙanwata Rannva,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ɗalibanki na birnin Torshavn ba su sa miki furfura ba. Muna lafiya, sai dai Mama. Kin san waƙar rawar ƙauyenmu, wadda ake ƙara wa baiti duk sanda teku ta ci mutum. To, Mama da ko fuskata ba ta ganewa yanzu ta tsiri rera sabon baiti, alhali ba wanda ya nitse. In ta zo wurin suna sai ta yi shiru, ta dubi ƙofa, ta wuce zuwa amshi. Ga shi na kwafo miki. Ke ce malamar waƙa, duba min sunan wa zai shiga. Jirginmu zai fita kamun kifi mako mai zuwa, kuma gaskiya ina tsoro.

Ki huta lafiya,
Yayanki Trondur

Yaya Trondur,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Mama, na auna baitin. Amsa-amonsa bai kauce wa na tsofaffin ba, abin da ya ɗaure mini kai, domin Mama ba ta taɓa ƙaga ko ɗango ɗaya ba. Amma karin ya nuna gurbin na suna ne mai gaɓa uku, naka kuwa biyu. Ƙato da kai kana tsoron shirun tsohuwa! Je ka nemo wa yaranka abinci. A gaida Oddvor, uwargidanka.

Taka,
Rannva

Yaya,

Gafarta mini gajeriyar gaisuwa. Kada ka shiga jirgin nan. A takarda na auna, na manta da ƙafa ake yin waƙar. Yau bayan yara sun tashi na taka ta ni kaɗai a aji, taku biyu hagu, ɗaya dama. Da na iso baitin Baba sai na tuna: sunansa Simun ma gaɓa biyu ne, masu rawa ke jan ƙarshensa har taku na uku. Na gwada naka, ya zauna daram. Don Allah ka ce ba ka da lafiya.

Rannva

'Yar'uwa Rannva,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso bayan jirgin ya tashi. Da dariya Trondur ya fita, wai malama ta wanke shi. Ba labari tukuna, teku kuwa kwance take lumui. Amma tun jiya Mama ta daina yin shiru a gurbin sunan.

Allah ya kiyaye ki,
Oddvor