Baba da Maganin Wankin Gyambo

Yaya Mamman,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Jos, yaya aiki, yaya iyali? Ina fatan kowa lafiya. Mu nan Wurma sai godiyar Allah.

Dalilin takardar nan ƙafar Baba ce. Da gyambon ya ƙi warkewa, na kai shi asibitin Dutsin-Ma bisa jaki. Malamin asibiti ya ba mu wani magani baƙi-baƙi mai kamar gishiri, wai shi famanganet. Ya ce a jefa ƙwaya biyu ko uku cikin kwanon ruwan da aka tafasa ya huce, su narke sarai, ruwan ya yi ja kaɗan, sannan a wanke ciwon. Ya ja kunnena kada a sha, kada busasshensa ya taɓa fata.

Mako biyu muna yi, ciwon yana kamewa. Da ruwan shuka ya sauka, Baba ya ƙosa. Ina gona ya barbaɗa maganin a kan ciwon haka nan. Na tarar da shi yana gumi, naman ya ƙone. Ya ce, "Lawal, na ga kaɗan ya yi aiki, na zaci mai yawa zai fi sauri."

Da muka koma asibiti, malamin ya ce ƙafar za ta tsira, amma bana Baba ba shi ba noma. Yanzu yana wuni a zaure yana kallon masu wucewa gona. Jiya ya tambaye ni ko za ka zo kafin kaka. Na ce zan rubuta maka.

Ku sa shi cikin addu'a. Inna tana gaishe ku, a gai da Kawu Isa.

Ƙanenka,
Lawal