Ingilishin Bakin Turmi

Madarunfa, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Mato,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina aiki, ina zaman Kano? Da fatan ƙafar nan da ke damunka ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, Baba da Inna suna gaishe ka. Na ba Ɗan Baba direba wannan takarda, tunda wayarka ta zama ado, kullum a kashe.

Yaya, akwai magana. Ka san geron bana bai yi kirki ba. Baba ya yanke cewa da na gama kolej, Gwaggo Inde za ta zo ta tafi da ni Katsina aikatau, wanke-wanke da shara a gidan mutane. Na yi kuka har idona ya kumbura. Ban ga laifinsa ba, amma wallahi ba na so.

Madam Febi, mai koya mana Ingilishi, ita ta nemo mini mafita. Wata ƙungiya ta shirya gasar Ingilishi a Maraɗi, wanda ya zo na ɗaya za a kai shi lise, babbar makarantar sakandare, da wurin kwana da abinci har ya ƙare. Madam ta bi Baba har gona. Ya ce in na ci ya bar ni, in na faɗi kada ya ji bakin kowa.

Ga yadda gasar take. Alƙali zai ce harafi huɗu, ƙarshe K. Sai a bi layi kowa ya kawo tasa: milk, book, duck. Wanda ya kafe ya zauna. To ƙamus da kan kalma yake jera su, ba da wutsiya ba, don haka Madam ta zauna ta ware mana su kamar yadda Inna ke tsintar wake, gajeru gefe, dogaye gefe, kowace da 'yan'uwanta masu wutsiya ɗaya. Na yi ta bita, sun ƙi zama a kaina. Ran nan muna daka da Bilki ɗiyar maƙwabta, sai na ji suna faɗawa daidai da taɓarya. Masu harafi uku dakan sauri ne, masu biyar sai da lugude. Yanzu har Inna ta kama masu T, ba ta san ma'anar ko ɗaya ba, da su take korar kaji.

Na san za ka yi dariya, kai da ke cewa a tashar mota ake koyon Ingilishi ba a ajin lakwal ba. Yi abarka. Ni dai tsoro nake ji, Yaya, ka sa ni a addu'a.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Larai

Madarunfa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Mato,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta abokan zamanka, ka gyara zama. Na ci! Ni Larai ɗiyar Dogo, na ci!

Da safen da za mu tafi, Baba ya yanka jan zakara a gindin tsamiya don nema mini sa'a. Madam kuma ta yi mini irin tasu addu'ar ta coci a cikin mota. Ban raina ko ɗaya ba, na tafi da duka biyu.

Amma da farko na ga ta kaina. An jera mu a babban ɗaki, aka ce mu tsaya ƙyam, hannu a baya kamar masu taken ƙasa. Ga takalmin aro yana cizona. Ban taɓa faɗin kalmomin nan jikina a tsaye cak ba, sai suka watse. Da ƙyar na riƙa tsinto ɗaya ɗaya, ina ji 'yan birni suna ƙus-ƙus a bayana. Allah dai ya sa waɗansu sun riga ni kafewa, har muka rage mu biyu, ni da wani Hassan, ɗan Maraɗi mai kai kamar me.

Alƙali ya ce harafi biyar, ƙarshe T. Hassan ya kawo tasa, aka juyo kaina, na laluba na ji wayam. Abin da na gani kawai tulin kwanukan Katsina. Sai na ce kunya ba ta kai wannan ba. Na tuɓe takalmin, na dunƙule hannun dama na shiga dukan tafin hagu, ina rausaya kamar a bakin turmi. Ɗaki ya kwashe da dariya. Wani cikin masu shirin ya miƙe zai hana ni, alƙali ya ce ba dokar da ta hana mutum dukan hannunsa.

Yaya, sai ga su a jere: light, night, plant, fruit, shirt. Ya kawo, in kawo, ya kawo, in kawo. Masu dariya suka koma tafi daidai da dakana. Hassan ya fara inda-inda, ya dubi sama, ya zauna. Ni kuwa ban ma lura ba, na ci gaba da zubowa sai da Madam ta zo ta rungume ni tana hawaye. Yaron kirki ne, ya zo ya yi mini barka, ya ce in koya masa dabarar. Na ce ya fara da surfe tukuna.

Da muka dawo, mun tarar Gwaggo Inde ta riga ta iso, har ta sa an ɗaure mini kayana. Baba yana zaune yana gyaran ƙotar hauya. Madam ta durƙusa ta faɗa masa. Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa. Can ya ajiye hauyar ya dubi Gwaggo.

"Inde, ki yi haƙuri, ki koma ke kaɗai. Wannan ɗiya Maraɗi za ta."

Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo. Ni na zaga bayan rumbu na yi kukana na daɗi, na ƙoshi.

Ka gaida mutanen garinmu da ke nan. In ka taso gida, kada ka zarce Madarunfa nemana. Ka sauka Maraɗi, ka tambayi lise.

Ƙanwarka mai ƙaunarka, Larai