Gaisuwar da na katse wa Baba Garba

Daren Juma'a, Annandale

Yau na katse wa Baba Garba, wani dattijo a masallacinmu, gaisuwa, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Filin ajiye motoci na bayan masallacinmu a tsakiyar Washington ya tafi. Tun da hukuma ta sassauta dokar tanadar wurin fakin, mai filin ya sayar, yanzu dogon bene ake ɗorawa. Ni injiniya ne, na san garin na buƙatar gidaje, da bakina na yabi tsarin a ofis. Amma a filin nan muke tsayawa bayan sallah. Kowa ya buɗe bayan motarsa, wannan ya fito da kilishi, wancan da zoɓo, sai la'asar ta tashe mu. Nan kaɗai Hausa ke cika mini kunne.

Yau na sha zagaye kafin na samu gurbin awa ɗaya a bakin titi. Da aka idar, Baba ya riƙe hannuna yana tambayar iyalina ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba. Ya zo kan mahaifiyata ke nan wayata ta yi ƙara, lokacin fakin ya kusa cika. Na zare hannuna.

Ya ce, "Je ka, ɗana, kada su ja maka mota. Zan ajiye maka sauran."

Wata uku tsohon nan yana yi wa Inna addu'a. Ban ma tsaya na gaya masa ta samu sauƙi ba.