Talabijin Ɗina a Ofishin Taki

Laraba, bayan isha'i, Funtuwa.

Yau na ga gwaninta. Gilashin kwamfutar ofishin gona ya mutu, sunayen masu samun taki duk suna cikinta, ga manoma tun daga Tsiga sun cika harabar. Sai Malama Rahila mai tafireta ta leƙo shagona: "Alhaji, ara mana talabijin ɗinka."

Na kai da kaina, ba don Allah kaɗai ba. Dabarata, in sunayen suka shiga akwatina, in duba a gida wa ya samu buhu nawa, in riga 'yan kasuwa saye.

Ta jona waya ɗaya ta baya, ta murɗa tasha, sai ga sunaye reras. Wurin ajiya ya yi wa kwamfutar kaɗan, ta goge wasan kartar da Manajan ofishin ya ɓoye a ciki, a gabansa. Kafin la'asar kowa ya karɓi takinsa.

Da zan tafi ta ce, "Alhaji, a yi kallo lafiya," tana dariya.

Na kunna a gida, sai yayyafi a gilashin, babu suna ko ɗaya. Ashe da ta zare wayarta ta tafi da komai.

Shekara talatin ina karanta mutane a kasuwa, yau Rahila 'yar Malumfashi ta karance ni tsaf.