Jan Maɓallin da Ke Bayan Kwamfuta

Litinin, 2 ga Disamba

Kwamfuta ta ƙi tashi. Na danna, fanka ta juya, ta yi kuka sau uku, allo baƙi ƙirin. Na kashe na kunna ya fi sau goma.

A cikinta aikina na shekara bakwai yake: sunayen zuriyarmu, kaka tara, wa ya haifi wa, wa aka binne a wace gonar ayaba. Ni zan karanta su ranar 26 idan dangi sun hallara a nan ƙauyenmu, Marangu. Tsofaffin da suka ba ni sunayen, uku sun rasu. Littattafan da na fara rubuta su a ciki kuwa gara ta gama da su bara, ban ma damu ba a lokacin, na ce ai komai na cikin na'ura.

Matata, Maman Aikande, ta leƙo ta ce, "Ka kira 'yarka mana." Na ce shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran layin tarho, ba akwatin nan ne zai kai ni ƙasa ba.

Talata, 3 ga Disamba

Na ɗora wa zanenta laifi. Matar nan komai sai ta lulluɓe: talbijin, rediyo, tulun ruwan zafi. Na ce ita ta toshe wa na'ura numfashi. Ta ce, "Shekara bakwai tana lulluɓe ba ta shaƙe ba sai yau?"

Na kwance murfin. Ƙura kamar auduga, ga ƙwan tsaka biyu a lungu. Na goge tas da burushin fenti. Kuka uku, kamar jiya.

Laraba, 4 ga Disamba

Zan rubuta yadda abin ya faru, tunda ba mai karantawa.

A aikinmu na da, idan na'ura ta yi gardama, abu na farko shi ne ka bi kowane maɓalli ka tura shi gaba da baya, tsatsar da ta kwanta a bakinsa ta kankare. Haka Bajamushen da ya koya mana yake yi, haka na koya wa na bayana. A bayan kwamfutar, kusa da inda wayar wuta ke shiga, akwai wani ɗan jan maɓalli da ban taɓa lura da shi ba. Na sa bakin sukudireba na tura shi gaba da baya sau biyar ko shida. Ban sa tabarau ba. Na jona wuta.

Ƙara kamar an fasa kwalba, sai hayaƙi da warin roba.

Maman Aikande ta shigo da gudu da wuƙar ɓare ayaba a hannu. Na ce masu wuta ne suka turo ta da ƙarfi. Ta dubi rediyo, yana ta waƙarsa a kan kabad. Ta dube ni. Ta koma madafa.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ban taɓa kwamfutar ba. Na yini ina sassabe gindin kofi da bai buƙaci sassabe ba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na ciro akwatin wutar kwamfutar da ya ƙone na gangara Moshi, shagon Kimaro. Mutumin ya kai hamsin amma bakinsa bai girma ba. Yana juya akwatin ya kwashe da dariya.

"Baba, wa ya mayar da wannan maɓalli kan ɗari da sha biyar? Wutar Amurka ke nan. Ka ba ta ɗari biyu da talatin, ai kamar ka ɗura wa jariri mbege ne, giyar ayabar nan."

Na ce jikoki ne. Ba ni da jika a gidan, shi ma ya sani.

Ya ajiye min biyu: sabo mai sheƙi a kwali, da wani tsoho da aka ciro daga kwamfutar ofis. Na ɗaga kowanne a hannu. Sabon kamar gwangwanin da ba komai, tsohon kuwa da nauyi, alamar akwai tagulla a ciki. Na ɗauki tsohon. Ya ce a nan kam na yi daidai, kuma wannan ba shi da jan maɓalli, ba abin da zan tura.

Da na faɗa masa kukan uku, ya ce, "Ram ne kawai ya saki, ɗan siririn allon nan na ƙwaƙwalwarta. Ka zare, ka goge bakinsa da magogin fensir, ka mayar. Aikin minti biyu." Minti biyu.

Ina fita ya ƙara da cewa in yi addu'a wutar ba ta wuce ta taɓa faifan ajiya ba. "In ta taɓa, sai Dar es Salaam. Af, ba 'yarka ce ke wannan aikin ba? Mu ma in abu ya fi ƙarfinmu ita muke aika wa."

Ban san haka ba. A mota na yi ta juya maganar har muka wuce garin Himo.

Asabar, 7 ga Disamba

Na ɗaura akwatin wutar, na goge ram, na mayar. Kuka ɗaya, allo ya kawo haske. Har na miƙe zan kira Maman Aikande ta gani, sai rubutu ya fito cewa ba a ga faifai ba.

Na canja waya. Na canja ramin da wayar ke shiga. Na kara kunnena a jikin faifan kamar yadda ake sauraron ƙirjin mara lafiya. Da yakan yi ɗan gurnani in ya fara juyawa. Shiru.

Na gwada jero sunayen da ka. Na kai kaka huɗu, a na biyar na rasa ko Ndesario ne ya haifi Mareale ko Mareale ne ya haifi Ndesario. Tsoro ya kama ni sosai. Mutanen nan sun zauna sun ba ni abin da ke kansu don na ce zan adana.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ban ji huɗubar ba. Aikande nake tunani.

Disambar shekara biyu da ta wuce, ana cin naman akuya, kawunta ya tambaye ta aiki. Kafin ta buɗe baki na ce, "Na tura ta ta zama likita, ta dawo min mai gyaran rediyo." Aka yi dariya, har da ni. Ta ajiye kwanonta a hankali. Washegari ta bi motar farko, tun daga nan uwarta kawai take kira. Har yau ina gaya wa kaina wasa nake yi.

Abin da ban taɓa faɗa ba: ranar da ta kawo min kwamfutar nan ta ce in riƙa kwafe aikina a wani wuri, har ta bar min ɗan abin kwafewar. Yana cikin aljihun tebur a ledarsa.

A hanyar dawowa uwarta ta ce, "Baban Aikande, ku biyun nan kanku ɗaya. Ita ma tana da shekara shida ta kwance maka agogo, kai kuma ka zauna kana nuna mata yadda ake mayarwa. Wa ya koya mata?"

Na ce rana ta yi zafi, mu ɗaga ƙafa.

Talata, 10 ga Disamba

Kimaro ya duba. Ɗan farantin da ke bayan faifan ne ya ƙone. Ya ce sai an samo irinsa sak, a ciro wani ƙanƙanin abu daga tsohon a dasa a sabon, kuma hannunsa bai kai nan ba. Saura kwana goma sha shida.

Laraba, 11 ga Disamba

Na naɗe faifan a safa biyu, na sa a kwalin sabulu. Na rubuta wa Aikande wasiƙa sau uku, duk suka fito kamar takardar ofis, na yayyaga.

Daga baya na fita bakin shinge na tsinko ganyen isale ɗaya, na ƙulla shi, na ɗora a kai. Uwarta tana tsaye a ƙofa. Ta ce, "Tun da nake, yaro na sani yana kai wa babba isale don neman gafara. Yau uba ne?"

Na ce don kada faifan ya riƙa motsi a kwali ne.

"Ganye ɗaya?"

Na rufe kwalin na kai tasha a kai mata Dar es Salaam. Isale dai ba a mayar da shi, kowa ya sani, amma ita yarinyar birni ce yanzu.

Asabar, 14 ga Disamba

Ta kira. Wayata, ba ta uwarta ba.

"Na gaishe ka, Baba. Me ya sami faifan nan?"

Na buɗe baki zan ce masu wuta. Sai na ji ina cewa ni ne, ni na tura jan maɓalli ban sa tabarau ba. Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, irin ta mahaifiyata.

Sunayen sun fito, duka. Mareale ne ya haifi Ndesario. Ta ce faifan ba abin dogaro ba ne kuma, in sayi sabo irin wanda ba ya juyawa, da batir ɗin nan mai kamar kwabo, da abin kare wuta na bango. Na rubuta kamar ɗan makaranta. Kan abin kare wutar ina da ra'ayi, amma na bar shi.

"Kuma kada ka taɓa komai sai na zo," in ji ta. Ranar 23 za ta taho da faifan a jakarta. Ba ta ambaci ganyen ba, ni ma ban tambaya ba.

Gara ta taho da shi da kanta, yaran mota jifa suke yi da kaya. Na ce wa uwarta katifar ɗakin baya tana buƙatar rana. Ta kama gefe ɗaya, na kama ɗayan.