Ruwan Farkon da Na Zubar

Daren Laraba, Afrilu 2016

Yau na tafka ɓarna a wurin aiki. Tsohuwa 'yar Caina da nake jinya ta tari ruwan saman farko na bana a kwano, ni kuwa na zubar. A gidanmu wa ke shan ruwan farko? Datti ne!

Ashe da shi za a dafa mata saiwoyin maganin tari, wai na famfo ba ya yi. 'Yarta ta kira tana faɗa: "Wata biyu Mama na jiransa!" Tsohuwar kuwa ta ƙi cin abinci daga hannuna.

Shekara tara ina mitar yawan ruwan sama a garin nan na ƙasar waje, yau ga ni ina roƙonsa a sujada.