Rasuwar Alhaji Gafaru Osmanu, Mai Harhaɗa Jiragen Yaƙi a Takoradi

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Zumuncin Hausawan Manchester da Birmingham ta samu labarin rasuwar dattijonmu kuma uban ƙungiya, Alhaji Gafaru Osmanu, wanda ya cika ranar Alhamis a gidan 'yarsa, Hajiya Sherifatu, da ke unguwar Selly Oak a Birmingham, yana da shekara ɗari da ɗaya.

Marigayin yana ɗan shekara goma sha bakwai ya kama aiki a filin jirgin Takoradi, a Ghana ta yanzu, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen yaƙi kan iso ta teku gunduwa-gunduwa cikin akwatunan katako, su Baba Gafaru su harhaɗa, matuƙa su tashi da su ta Kano har Masar. Shi ke shafa wa jelar jirgi farin fenti, domin in ya faɗi a daji a hango shi daga sama. Matuƙan samarin Turawa ne, wasu ko gemu ba su fara ba. Tara daga cikin waɗanda ya ɗaure wa bel ɗin kujera da hannunsa ba su isa Masar ba, kuma sama da shekara tamanin yana riƙe da sunayensu a ka.

Dole mu faɗi laifinmu. Shekara shida yana roƙon mu turo wanda zai zauna ya rubuta sunayen nan, ko a dace da danginsu a ƙasar nan. Yakan yi mana tsiya cewa mun iya shirya walima, biro ne ya gagare mu. Mu kuma kullum sai bayan Sallah, sai yara sun gama jarrabawa. Mun tsayar da Asabar ɗin da ta wuce, sai ga shi ranar muka kai shi makwancinsa. Mun ji kunya, kuma mun yi nadama.

Muna miƙa ta'aziyya ga Hajiya Sherifatu, da jikokinsa Hikma da Rayyan na unguwar Fallowfield a Manchester, da sauran dangi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙurin jure wannan babban rashi.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa a waya, don Allah kada ya goge, ya aiko mana. Zuwa yau suna biyu kaɗai muka iya tunawa, ɗayan ma ba mu san yadda ake rubuta shi ba.

Malam Yusha'u Garba Rano
Sakataren Yaɗa Labarai, a madadin Shugaba da ɗaukacin 'yan ƙungiya